Ƙusar da Ta Shiga Takalmin Ɗana

Ɗana yana da shekara tara ƙusa ta shiga ƙafarsa ta hagu. Kwana goma sha ɗaya ciwon ya yi a rufe cikin takalmi, a gidan da nake kwana nake tashi, ban sani ba. Na daɗe ina son in rubuta wannan, amma duk sanda na ɗauki biro sai in tarar ina laluben wanda zan ɗora wa laifi. Na ɗora wa surukina, na ɗora wa iskar da ta yaye mana kwano, na ɗora wa aikin soja da ya kai mijina can gabas ya bar ni da yaro. Yau dai zan faɗe shi yadda ya faru, har da nawa kason, wanda ya fi na kowa girma.

Gidanmu gidan sojoji ne. A Zuru wannan ba abin faɗi ba ne, kusan kowane gida a unguwarmu akwai hoton wani cikin kaki rataye a bango. Surukina, wanda nake kira Baba, sajan ne da ya yi ritaya, kuma tun rasuwar matarsa muke zaune tare da shi. Kafin ya shiga soja ya yi golmo, shekara bakwai yana noma wa iyayen yarinyar da yake so kafin a ba shi ita, kuma har ya tsufa bai gaji da ba da labarin ba: yadda tafin hannunsa ya tsage, yadda kunama ta harbe shi a tsakiyar kunya ya ƙarasa kunyar tukuna. Ma'auni ɗaya gare shi na auna mutum, juriya. In aka ce masa an yi wa yaron wane kaciya, ko wane ya faɗo daga mashin, abin da yake fara tambaya shi ne, "Ya yi kuka?"

To, sai Allah ya ba shi jikan da ba ya kukan ciwo.

Tun yana jariri ake yi masa allurar rigakafi, yaran mutane suna tsala ihu, nawa sai dai ya ƙura wa bango ido. Yana da shekara uku ya dafa dutsen murhu da zafinsa, ya janye hannun ya tsaya yana kallonsa, tafin ya tashi ya yi ruwa, ko uffan. Ni na yi ihun. Baba kuwa ya ɗaga shi sama yana dariya yana cewa, "Wannan jinina ne! Kofur, ka ji uwarka? Ita ce raguwa, ba kai ba." Tun daga ranar yake kiransa Kofur, yana sara masa da safe, yana tsokanarsa wai zai ƙwace masa tuwo in bai fito fareti ba.

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma abin ya yi mini daɗi. Shi kaɗai ne abin da ake yabon ɗana da shi. Ba ya magana, har yau bai taɓa cewa Mama ba. Ba ya kallon mutum a ido. A kan yatsun ƙafa yake tafiya, dunduniya a sama. Yini yake yana wani gunji a maƙogwaro, yana jera totuwar masara a tsakar gida, layi a miƙe, in kaza ta ture ɗaya sai ya soma daga farko. In yana son abu, wuyan hannuna yake kamawa ya ja ni ya ɗora hannun a kan abin: randa in ƙishi yake ji, ƙofa in waje yake so. Mutane kuwa ba abin da ba su faɗa ba. Wasu suka ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin rafi a ajiye a ga ko zai koma inda ya fito. Wasu suka ce an sha masa hankali ne don wani ya yi arziki. Wata a kasuwa ta janye 'yarta daga kusa da shi kamar mai ƙyanda. Ni kuma zuciyata a kusa take, kowa ya sani, ban bar ko ɗaya ta wuce ba. Wannan ta kasuwar sai da aka riƙe ni.

Yana da shekara bakwai wata likita a Sakkwato ta zaunar da ni ta ce abin da ke tare da shi sunansa otizim. A rediyo na ji ana cewa galahanga, ni dai kalmar ba ta taɓa kwanta mini ba. Ta ce ba aljanu ba ne, ba maita ba ce, ba wani zunubi na yi ba, haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, kuma akwai irinsa da yawa a ɓoye cikin ɗakuna. Na fito daga ofishinta ina kuka ina dariya a kan titi. Na dawo Zuru bakina cike da magana.

Matar fastonmu ce ta fara ba ni minti goma a taron zumuntar mata, bayan an gama koyon waƙa. Na tashi na faɗi abin da likita ta gaya mini. Da aka tashi, mata biyu suka biyo ni har bakin ƙofa, ɗaya tana raɗa mini cewa ƙanenta haka yake, shekara ashirin yana ɗaure a bayan gida. Daga nan abin ya bazu. Maƙwabciyata Musulma ta gayyace ni sunan jikarta, ta sa aka kashe kiɗa, na yi wa mata bayani suna cin shinkafa. Aka fara aiko mini daga ƙauyuka. Aka fara ce mini Malama, ni da na tsaya a aji uku na sakandare. Kaina ya fara girma, na sani, don har littafi na saya ina rubuta abin da zan faɗa.

Yawancin abin da nake faɗa gaskiya ne. Kada a ɗaure su, kada a kai su rafi, kada a ce uwa ce ta jawo. Amma akwai magana ɗaya da nake ƙarawa, wadda take sa mata su riƙe baki su ce ikon Allah. Nakan ce, "Irin waɗannan yara ba sa jin zafi kamar sauran yara." Likita ba ta taɓa gaya mini haka ba. Daga bakin Baba na ɗauko, na wanke ta na sa mata rigar asibiti, na riƙa rabawa gari gari. Kuma na yarda da ita har cikin raina.

Takalmin kuwa ubansa ne ya kawo masa da ya zo hutu. Ɗan ƙaramin takalmin soja, baƙi, mai igiya har sama da idon sawu, ya saya a kasuwar bariki. Yaron da ba ya kula kyauta, ya sa wannan ya ƙi cirewa. Da shi yake kwana, da shi nake yi masa wanka. Ranar Asabar kawai muke cire shi, in wanke ƙafar in shanya takalmin, kuma wannan yaƙi ne: Baba ya rungume shi ta baya, ni in ja, shi kuma yana ihu har maƙwabta su leƙo ta katanga, ya yi awa guda bai huce ba. Ka ji fa, yaron da muke cewa ba ya kuka. Yana yi, a kan takalmi, a kan ƙarar injin niƙa, a kan totuwarsa. Sai mu ce wannan rigima ce da taurin kai, ba mu sa shi a lissafin kuka. Abu ɗaya kuma da ya tsana shi ne igiyar ta yi sako-sako. Da ta ɗan saki zai zo ya kama hannuna ya ɗora a kan takalmin, ni kuma in tsuke masa ita tam, ya tafi abinsa.

A farkon daminar shekarar, ranar wata Litinin da la'asar, iska ta taso ta yaye kwanon madafarmu ta watsar da katakai a bayan gida. Washegari Talata na dawo daga kasuwa na tarar da Baba a gindin mangwaro yana jirana da labari, fuskarsa cike da fara'a.

"'Yata, zo ki ji abin da Kofur ya yi yau. Ina zaune na gan shi yana tafe yana jan guntun katako a ƙafa. Ashe ƙusar kwano ya taka, ta kama takalmin. Na take katakon na ɗaga shi sama, fit, ta fita. Ko gezau! Ya wuce wurin totuwarsa."

Na ce, "Baba, ba ta shiga ba dai?"

Ya ce, "Ko ta taɓa shi ai ƙwarzane ne. Dube shi can, ina alamar ciwo?"

Na duba. Yana tsaye a kan yatsu yadda ya saba, yana gunjinsa. Na ɗaga ƙafar na ga ɗan rami a ƙasan takalmin, cike da taɓo. Na tsaya ina tunanin awa guda ta ihu, ga tuwo ban ɗora ba, ga littafina ban gama rubuta abin da zan faɗa a taron garin Danko ba. Na ce a raina Asabar ai tana nan tafe, sai in duba gaba ɗaya. Na saki ƙafar. Har dariya na taya Baba.

Ranar Alhamis ya fara kawo hannuna kan takalmin hagu. Na tsuke igiyar. Bayan ɗan lokaci ya dawo, ya sake ɗora hannun a wurin. Na ce, "Kai, wannan igiya taka!" na kwance na sake ja da ƙarfi. Ranar sau biyar ya zo, sau biyar na tsuke. Juma'a ma haka. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa kullum hagu ba.

Asabar ta zo, ranar cire takalmi, ni kuwa tun sassafe ina cikin motar Danko da zanen zumunta. Mata sun cika coci har waje. Na yi magana fiye da awa guda, aka yi ta tafi, aka ba ni kaza da ƙullin gyaɗa. Na ce musu, "Ku lura da 'ya'yanku, ku karanci jikinsu tunda ba su da baki." Da bakina na faɗi haka. Na dawo da yamma a gajiye liƙis, na ce takalmi ya bari sai wani satin, sati ɗaya ba ya kashe mutum.

Litinin jikinsa ya yi zafi. Damina ce, sauro ko'ina, rabin yaran unguwa suna kwance. Na je kemis na karɓo maganin zazzaɓi na dura masa. Ya daina cin tuwon dawa, shi da ba ya cin komai sai shi. Gunjin ya canza, ya koma siriri, yana fita ta hanci. Ya fara buga goshinsa a jikin ƙofa, abin da ya rabu da shi tun yana ɗan shekara biyar. Baba ya ce, "Anya Kofur lafiya?" Ni kuma Malama na ce masa canjin yanayi ne, haka suke yi in ruwa ya sauka, na san abin. Igiyar takalmin hagu kuma ta riƙa gajarta a hannuna, da ƙyar take kai wa ɗauri. Na ce ruwa ne ya sa ta tsuke. Na sa haƙori na ja ta har ta kai.

Wayyo ni. Wannan wurin ne nake ajiye biro kullum.

Akwai wata Bafulatana da take kawo mana nono da man shanu sau biyu a sati daga rugarsu ta hanyar Kanya. Ta girme ni, Adda nake ce mata, ita kuma tana ce mini uwar soja. Shekara huɗu tana shigowa gidanmu, kuma tana cikin mutane ƙalilan da ɗana yake yarda ya matsa kusa da su, don yana son zanen faifan da take rufe ƙwarya da shi. Ranar Alhamis, kwana tara da taka ƙusar, ta sauke ƙwaryarta ta zauna tana auna mini nono. Yaron ya zo ya tsaya yana kallon faifan. Sai na ga ta dakata da ludayi a hannu.

Ta ce, "Uwar soja, ƙafar ɗan nan tana ciwo."

Na ce, "Zazzaɓi ne, Adda, yana shan magani."

Ta girgiza kai. "Ba zazzaɓi nake faɗi ba. Dubi tsayuwarsa, nauyin duk a dama yake. Ga ƙuda suna bin takalmi guda, ba sa bin ɗayan. Mu in saniya ta tsaya haka, kayar da ita muke yi mu duba kofato."

Saniya. Kalmar kaɗai na ji. Shekara tara ina faɗa da masu mayar mini da ɗa maciji da kifi da dabbar daji, ga wata a tsakar gidana tana haɗa shi da saniya. Na miƙe tsaye na wanke ta tas. Na ce ɗana mutum ne, ba dabbar rugarku ba. Na ce ni da na je har Sakkwato na ga likita, ni da ake kira gari gari in koyar, ke ce za ki koya mini ɗana? Na ce ta kwashe nononta, ba na so. Abin da na faɗa ya fi haka, sauran ina jin kunyar rubutawa. Baba yana daga gindin mangwaro yana cewa, "Haba 'yata, haba 'yata," ban ko waiwaye shi ba.

Ba ta rama ba. Ta juye nonon cikin ƙwarya, ta rufe, ta ɗora a ka. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Allah ya huci zuciyarki. Amma ki cire takalmin."

Ban cire ba. Da wani ne ya faɗa ta wata hanya, wataƙila da na cire a take. Amma cire shi a ranar yana nufin ta fi ni gaskiya, ni kuma zuciya ta riga ta hau. Na ga ƙudan da idona, na kore su da gefen zane. Na ce jibi Asabar.

Asabar ɗin, garin Dirin Daji aka gayyace ni. Na shirya da safe, na ɗaura zane na ɗauki littafi, na ce bari in leƙa shi kafin in fita, in na dawo ma cire takalmin. Na same shi zaune a ƙasa a bakin ƙofar ɗaki, leɓensa ya bushe ya tsage. Ya yunƙura zai tashi ya faɗi. Ya sake yunƙurawa ya sake faɗuwa. Na tsuguna, ya kama hannuna ya ɗora a kan takalmin. Wannan karon hannuna ya zame ya taɓa ƙwaurinsa sama da bakin takalmin. Zafi kamar gefen tukunya, ga tauri, fatar tana sheƙi.

Na ƙwala wa Baba kira ya kawo wuƙa. Takalmin ba ya ciruwa, sai da muka yanka igiyar muka tsaga fatar takalmin har ƙasa. Yaron da sai an danne shi, ranar ko motsi bai yi ba, ya jingina da bango yana kallonmu. Ba zan bayyana duk abin da na gani ba. Yatsun sun yi baƙi, wari ya cika ɗakin, kuma sawun igiyar da nake tsukewa yana nan kwance a kan kumburin, layi layi. Baba, mutumin da ya je yaƙi ya dawo, ya zauna daɓas a ƙasa ya ɗora hannu biyu a ka. Da Dakarci, yarenmu, ya yi magana, a hankali, ya ce me muka yi wa yaron nan.

A asibitin garinmu suka wanke ciwon suka sa masa ruwa da allurai, suka ce mu wuce Sakkwato yau yau, kada mu kwana. Na riƙe ƙafar a cinyata tun daga Zuru har can, ina roƙon Allah abu ɗaya, ya bar masa ita. Na ce ya ɗauki tawa. Na yi alkawura iri iri a cikin motar nan, har direba ya ce in yi haƙuri in yi shiru.

Kwana uku likitoci suna fama. Kullum da safe wani likita mai furfura yakan zo ya zana layi da biro a ƙwaurin, inda baƙin ya tsaya, washegari ya zo ya tarar ya haye layin. A rana ta biyu ya tambaye ni yaushe abin ya faru. Na faɗa masa. Ya ce, "Duk kwanakin nan bai nuna miki ba?"

Na ce, "Likita, otizim gare shi. Ba ya jin zafi."

Ya cire tabarau ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Wa ya gaya miki? Yana ji. Yadda za ki ji in ƙusa ta shige ki, haka ya ji, kowace rana. Faɗa ne ba ya iya yi ta hanyar da kike jira. Ki tuna da kyau, ya nuna miki."

Ban buƙaci in tuna ba. Na fita na zauna a bakin baranda na ƙirga sau nawa ya kawo hannuna wurin. Na kai talatin na kasa ci gaba. Sai kuma dutsen murhu ya faɗo mini a rai, da alluran, da ranar da ƙofar mota ta datse masa yatsa muka yi ta yaba masa. Duk ya ji. Mu kuma muna tsaye a kansa muna tafi.

A rana ta uku suka kawo takarda. Suka ce in ba a cire daga ƙasan gwiwa ba, ba ƙafar kaɗai za a rasa ba. Na kira ubansa, layin yana yankewa, na yi ta maimaita magana ɗaya ina ihu a cikin waya. Da ƙyar ya gane. Can ya ce, "Ki sa hannu." Ya ƙara da cewa, "Ni na sayo takalmin." Na ce masa ya bar wannan magana, ba takalmi ba ne. Na sa hannu.

Wata ɗaya da kwanaki muka yi a can. Da muka dawo na tarar Baba ya rame ya zama wani tsoho daban. Bai sake sara wa kowa ba. Adda kuwa ba ta sake zuwa ba. Da na samu kaina na hau mashin na bi hanyar Kanya ina tambaya har na kai inda rugarsu take, na tarar sun tashi, sai turaku da busasshen kashin shanu. Wani manomi ya ce sun yi kudu, bai san ina ba. Har yau in na ga Bafulatana da ƙwarya a kasuwa sai na leƙa fuskarta. Ina da haƙurin da zan ba ta, na rasa inda zan kai shi.

Na so in daina tsayawa gaban mata. Wace Malama? Matar fasto ce ta ce mini, "Maganar da kika shuka tana can tana girma, wa zai je ya cire ta in ba ke ba?" Haushinta na ji, don gaskiya ta faɗa. Haka na bi duk inda na taɓa zuwa, ɗaya bayan ɗaya, har gidan maƙwabciyata da aka yi suna. Ba littafi a hannuna. Nakan tsaya in ce na yi muku ƙarya, ban sani ba, amma ƙarya ce. Suna jin zafi. Yaron da ba ya faɗa, a tuɓe shi kullum a duba shi tun daga ka har tafin ƙafa, ko zai yi ihu gari ya taru. In ya canza gunji, in ya bar abinci, in ya yi ta kai hannunki wuri ɗaya, to magana yake yi. In wani ya ce miki ɗanki ba shi da lafiya, ko da wace irin kalma ya faɗa, ki duba tukuna, kya yi faɗan daga baya.

A Danko, bayan na gama, wata mata ta tsaya har kowa ya watse. Na gane ta, tana gaba gaba ranar da aka ba ni kaza. Ta ce, "Malama, tun da kika ce ba sa jin zafi, na daina hana yayyensa dukansa. Na ce tunda ba ya ji." Ba ta faɗa da faɗa ba, tambaya take yi, wai yanzu yaya za ta yi. Na riƙe hannunta muka tsaya a nan, na ce mata ta yafe mini. Ba a tafa mini yanzu in na yi magana, kuma mata sun fi zuwa.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa faɗa a taro ba. A asibiti yaron yana cikin magunguna, ƙafar a naɗe, ban ga ya kula ba. Sai da muka dawo gida. Kafin a yi aikin likitoci sun ce in yi masa bayani, na yi, na faɗa da Hausa na faɗa da Dakarci, na nuna da hannu, ban san abin da ya shiga ba. Safiyar farko a ɗakinmu ya farka ya yaye zanen rufa, ya dubi inda ƙafar ta ƙare. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sauko daga gado da rarrafe ya leƙa ƙarƙashin gadon.

Da farko ban gane ba. Ya fito ya ja jiki zuwa bayan ƙofa ya duba. Ya fita tsakar gida, ya leƙa bayan randa, ya leƙa cikin turmi, ya tura hannu ƙarƙashin rumbu. A natse yake yi, wuri bayan wuri, yadda mutum yake neman abin da ya tabbata a gida ya bar shi. Ashe ƙafarsa yake nema. Baba ya tashi daga gindin mangwaro ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

Ya fi sati yana wannan nema, kowace safiya, daga ƙarƙashin gado yake farawa. Ranar farkon ina tsaye ina bin sa da ido, ina cewa, "Babu, ɗana, ba ta nan, ta tafi," yana wucewa kamar ba da shi nake ba. Ya isa wurin babbar tabarmar da muke shanya dawa, ya kama gefe ɗaya zai ɗaga, ta fi ƙarfinsa, ya faɗi a kan kafaɗa, ya tashi ya sake kamawa. Na durƙusa kusa da shi na ɗaga masa ɗaya gefen, muka duba tare.